Amurka: Wa zai biya mai gidan da ɗan kwangila maras lasisi ya cuta?

Daga watan Janairun 2025 jihar Florida ta Amurka ta ninka yawan kuɗin da mai gida zai iya karɓa daga asusun gwamnati na biyan diyya, idan ɗan kwangilar da ya bai wa aikin gini ya cuce shi.

A da, mafi yawan abin da ake biyan mutum guda dala dubu 50 ne. Yanzu ya kai dala dubu 100 a kan kwangilolin da aka ƙulla bayan ranar 1 ga watan Yulin 2024.

To sai dai ƙarin bai taɓa wani sharaɗi guda da ke cikin dokar ba, wanda ya tanadi cewa duk wanda ya ƙulla yarjejeniya da ɗan kwangilar da ba shi da lasisi mai aiki a lokacin, to ba shi da ko sisin kwabo a asusun.

Irin wannan sharaɗi yana nan a dokokin Arizona da Nevada da Maryland da Virginia da Minnesota da Massachusetts, da ma galibin jihohin da ke da asusu makamancin wannan.

Batun ya sake tasowa ne bayan jerin bala'o'in da suka auka wa ƙasar: mahaukaciyar guguwar Helene a watan Satumbar 2024, da ta Milton a watan da ya biyo baya, sai kuma wutar dajin da ta ƙone gine-gine fiye da dubu 16 a yankin Los Angeles a watan Janairun 2025.

A duk lokacin da irin haka ta faru, masu neman wanda zai gyara musu rufi ko ya ta da bango sukan fi ƙarfin 'yan kwangilar da ke da lasisi, sai marasa lasisi su cike gurbin, nagarinsu da 'yan damfararsu.

Tambayar ita ce, shin adalci ne gwamnati ta juya wa mutumin da aka cuta baya saboda wanda ya cuce shi bai yi rajista da ita ba?

Tushen asusun

A Amurka gwamnatin tarayya ba ta bayar da lasisin aikin gini. Kowace jiha ce ke tsara nata, a wasu wuraren ma birane da ƙananan hukumomi ne ke yi.

A jihohin da suka tsaurara, kafin mutum ya samu lasisi sai ya nuna shekarun da ya yi yana sana'ar, ya ci jarrabawa, ya kuma gabatar da shaidar inshora. A wasu jihohin ana ƙara masa da takardar lamuni daga wani kamfani da zai tsaya masa idan ya gaza.

Duk da wannan tankaɗe da rairaya, masu lasisin ma sukan karɓi kuɗin kafin alƙalami su yi layar zana, ko su bar gini a rabi, ko kuma su ƙi biyan masu sayar musu da kaya, har waɗannan su bi gidan da bashi.

Domin irin waɗannan ne aka ƙirƙiro asusun. Arizona ta kafa nata tun a 1981, Nevada kuma a 1999.

Na Florida ya samo asali ne daga guguwar Andrew, wadda ta ratsa kudancin jihar ranar 24 ga watan Agustan 1992, ta rushe gidaje fiye da dubu 25, ta kuma lalata wasu kimanin dubu 100. A shekarar da ta biyo baya majalisar dokokin jihar ta kafa asusun.

Ba a shiga asusun kai tsaye, ko da kuwa ɗan kwangilar mai lasisi ne.

A Florida sai mai gida ya fara samo hukuncin kotu, ko na masu sasanci, ko umarnin biyan diyya daga hukumar ba da lasisi. Sannan ya nuna cewa ya bi sawun dukiyar ɗan kwangilar bai samu abin da zai biya shi ba, ya kuma shigar da buƙatarsa cikin shekara guda da kammala shari'ar.

Akwai kuma iyaka a kan abin da ake biya. A Arizona da Maryland dala dubu 30 ne, a Nevada dala dubu 40.

Bugu da ƙari akwai iyakar jimillar abin da za a biya a kan ɗan kwangila guda, komai yawan mutanen da ya cuta. A Arizona dala dubu 200 ne, a Florida kuma sabuwar doka ta ɗaga ta daga dala dubu 500 zuwa miliyan 2.

Wato ke nan ko wanda ya cika dukkan sharuɗɗa ba lallai ne ya mayar da hasararsa baki ɗaya ba. Amma dai yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa, abin da maƙwabcinsa da ya ɗauki maras lasisi ba shi da shi.

Hujjar hukumomi

Babbar hujjar da ake kafawa ita ce inda kuɗin ke fitowa.

A Arizona da Nevada da Maryland, 'yan kwangila masu lasisi ne ke zuba kuɗi a asusun lokacin da suke karɓar lasisi da lokacin sabunta shi. Ba daga harajin jama'a ake ɗiba ba.

Tsarin ya yi kama da adashi ta wata fuska, sai dai a nan masu sana'a ne ke zubi, abokan cinikinsu kuma ke kwasa idan ɗaya daga cikin masu zubin ya ci amana.

Idan aka buɗe asusun ga kowa, ma'anarsa ita ce ɗan kwangilar da ya bi doka ya biya inshora da kuɗin rajista, shi ne zai riƙa biyan ɓarnar abokin gogayyarsa da ya kauce wa duk waɗannan, wanda kuma da ma da wannan kaucewar ce yake karya farashi yana ƙwace masa aiki. Abin zai zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, ko da yake ba a cika ambatonta ba.

A Florida da Arizona, da zarar asusun ya biya wani mai gida, lasisin ɗan kwangilar da ya jawo biyan yakan tsaya nan take, kuma ba za a mayar masa ba sai ya biya asusun abin da aka kashe har da kuɗin ruwa.

Lasisin ke nan shi ne igiyar da gwamnati ke riƙe da ita. Wanda ba shi da lasisi babu abin da za a dakatar masa, don haka duk kuɗin da aka biya a kansa da wuya ya dawo.

Sai kuma batun jan kunne. Hukumomin ba da lasisi suna amfani da asusun ne a matsayin abin da zai sa masu gidaje su duba takardun mutum kafin su ba shi aiki, kuma dubawar kyauta ce a shafukansu na intanet ko ta wayar tarho.

A ganinsu, wanda ya san akwai mai lasisi amma ya zaɓi mai sauƙin kuɗi, ya karɓi ribar arahar tun farko, don haka ya kamata ya ɗauki hasararta. Araha dai ba ta ado.

Waɗannan hujjoji suna da nauyi, musamman a kan mutumin da ya shiga cinikin ido buɗe. Matsalar ita ce galibin dokokin ba sa tambayar ko idon nasa a buɗe yake ko kuwa rufe shi aka yi.

Inda hujjar ke rauni

A Florida da kanta, hujjar cewa kuɗin masu lasisi ne ba ta zauna daidai ba.

Asusun jihar yana samun kuɗinsa ne daga wani ƙarin kashi 1.5 cikin 100 da ake ɗorawa a kan kuɗin takardar izinin gini, wanda ake raba shi biyu tsakanin asusun da hukumar da ke kula da masu duba gine-gine.

Wannan kuɗi a ƙarshe daga aljihun mai gida yake fita, ko ya biya da hannunsa ko an saka masa a cikin farashin aikin.

Masu kare dokar za su iya cewa aikin maras lasisi galibi ba shi da takardar izini, saboda haka bai zuba komai ba. Hakan gaskiya ne a lokuta da dama, amma akwai wata dabara da ta zama ruwan dare.

Da yake maras lasisi ba zai iya karɓo takardar izini da sunansa ba, sai ya lallaɓa mai gida ya je ya karɓo da nasa sunan, a matsayin wanda zai gina gidansa da kansa, yana gaya masa cewa hakan ya fi sauri ko ya fi sauƙin kuɗi.

Wanda ya yarda da haka a Florida ya biya kuɗin da ke shiga asusun, amma ya fita daga inuwarsa. Takardar da ake sa shi ya sa wa hannu ma tana ɗauke da gargaɗin cewa hukuma ba lallai ta iya taimakonsa ba idan ya yi hasara a hannun maras lasisi, kuma alhakin aikin ya koma wuyansa.

Jihar Massachusetts ta ƙara gaba. A can, mai gidan da ya karɓo takardar izini da kansa ya rasa damar shiga asusun jihar, ko da ɗan kwangilar nasa yana da cikakkiyar rajista. Doka ta wajabta a sanar da mai gida haka a cikin takardar yarjejeniya, sai dai wanda ke shirin cuta ba shi ne zai nuna wa mutum wannan layi da yatsa ba.

Akwai kuma wuyar gane wane ne maras lasisi, domin kalmar ta fi faɗi a doka fiye da yadda take a bakin jama'a.

Mutum zai iya kasancewa da lasisi shekara goma, wa'adinsa ya ƙare mako guda kafin a sa hannu. Zai iya kasancewa an dakatar da shi saboda wani ƙorafi da mai gida bai taɓa jin labarinsa ba.

Zai iya kuma kasancewa yana da lasisin wata sana'a, ya karɓi aikin wata dabam. A dokar Florida, wanda ba shi da lasisin da ya dace da irin aikin da ya karɓa, maras lasisi ne dangane da wannan aiki, ko da yana da wata takarda a aljihu.

A Kalifoniya lasisin ɗan kwangila yakan tsaya da kansa idan yana da ma'aikata amma bai yi musu inshorar hatsarin wurin aiki ba, abin da mai gida ba shi da hanyar ganewa da ido.

Sai kuma masu ƙarya tsagwaronta: waɗanda ke buga lambar lasisin wani a jikin motarsu da takardunsu, da waɗanda ke hayar lasisi daga mai shi alhali shi bai taɓa taka wurin aikin ba.

Mai gidan da ya duba lamba ya ga tana aiki, daga baya ya gano ba ta mutumin da ke gabansa ba ce, ya yi abin da hukuma ta ce ya yi. Amma a ƙarƙashin doka irin ta Florida, yana iya samun kansa a sahu ɗaya da wanda bai damu ya tambaya ba tun farko.

A nan ne sharaɗin ke daina zama jan kunne, ya koma hukunci a kan wanda aka yaudara.

Jihohin da suka sassauta

Wasu jihohin sun ga wannan giɓi, kuma kowace ta toshe shi ta hanyarta.

Dokar Arizona ta ce ya wadatar idan ɗan kwangilar yana da lasisi mai aiki a ɗaya daga cikin lokuta uku: ranar da aka sa hannu a yarjejeniya, ko ranar da aka yi biyan farko, ko ranar da aka fara aiki. Wannan ya ceci wanda lasisin ɗan kwangilarsa ya mutu ana tsakiyar aiki.

Connecticut ta fi sassauci, domin tana karɓar buƙatar mai gida idan ɗan kwangilar ya taɓa riƙe rajista cikin shekara biyu daga lokacin ƙulla yarjejeniyar. Dalilin a fili yake: mutumin da aka san shi da rajista bara, ba kowa ne zai yi zaton ya rasa ta bana ba.

Carolina ta Arewa kuwa ita ce ta tunkari batun yaudara kai tsaye.

Asusunta, wanda aka kafa a 1991, ana tara shi ne daga dala 10 da ake karɓa a kan takardar izinin gina ko gyara gidan zama, dala 9 ta tafi asusu, ɗaya ta zauna a hannun ƙaramar hukumar da ta karɓa.

Dokar ta ɗauki wanda ya karɓo takardar izini ta hanyar gabatar da lasisin wani, ko ya yi sojan gona a matsayin mai lasisi, tamkar ɗan kwangilar da asusun zai biya ɓarnarsa.

Ƙofar ba ta da faɗi, domin sai an tabbatar da cewa da ƙaryar aka samo takardar izinin, kuma biyan mutum guda ba zai wuce kashi 10 cikin 100 na abin da ke cikin asusun ba. Amma ta nuna cewa ana iya rarrabe wanda aka yaudara da wanda ya zaɓi araha da gangan, ba tare da asusun ya durƙushe ba, ganin cewa ya haura shekara 30 yana aiki.

Haƙƙi a kan takarda

Jihohin da suka rufe asusunsu ga irin waɗannan masu gidaje sukan nuna cewa sun ba su wani makami a madadinsa, wato kotu.

Kalifoniya ce ta fi kowa kaifin wannan makami. Jihar ba ta da asusun biyan diyya irin na Florida ko Arizona. Abin da take buƙata daga mai lasisi shi ne takardar lamuni, wadda aka ɗaga darajarta zuwa dala dubu 25 daga farkon 2023.

A ɓangaren marasa lasisi kuwa, sashe na 7031 na dokar sana'o'in jihar ya haramta musu zuwa kotu neman kuɗin aikin da suka yi, komai kyan aikin.

Kotun ƙolin jihar ta tabbatar da tsaurin wannan doka a 1991, a shari'ar wani kamfani daga New York mai suna Hydrotech da ya yi aikin na'urar tayar da igiyar ruwa a wani wurin shaƙatawa a Palm Springs. Kamfanin ya yi iƙirarin cewa masu wurin sun san ba shi da lasisin jihar kuma suka yi alkawarin biya, amma kotu ta ce wannan bai ba shi damar neman sauran kuɗinsa ba.

Shekara goma bayan haka majalisar jihar ta ƙara wani sakin layi da ya bai wa mai gida damar ƙwato dukkan abin da ya biya maras lasisi, ba tare da an cire kuɗin kayan aiki ko ladan leburori ba. Wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2020 cewa wa'adin shigar da irin wannan ƙara shekara guda ne daga lokacin da aka gama ko aka daina aikin.

Dokar jihar ta kuma ɗauki wanda ya yi hulɗa da maras lasisi a matsayin wanda aka aikata wa laifi, wanda ya cancanci kotu ta sa a biya shi idan an samu mutumin da laifi, ko ya san ba shi da lasisi ko bai sani ba.

Florida ma tana da nata tanadin. Maras lasisi ba zai iya tilasta a cika masa yarjejeniya ba, kuma kotun ƙolin jihar ta yanke a 2013 cewa sanin da ɗaya ɓangaren ya yi na rashin lasisin ba kariya ba ne a gare shi. Wata dokar kuma ta bai wa mai gida damar neman ninki uku na hasarar da sakacin maras lasisi ya jawo masa.

Haka nan yin kwangila ba lasisi a lokacin da gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci babban laifi ne a Florida, mai iya kai mutum ɗaurin shekara 5. A Kalifoniya ma ana iya tuhumar mai yin haka a yankin da bala'i ya shafa da babban laifi.

A kan takarda, waɗannan tanade-tanade sun fi abin da asusu ke bayarwa, tun da ba su da iyakar dala dubu 30 ko 100.

To amma hukuncin kotu yana da amfani ne a kan wanda ke da abin da za a ƙwace. Babban kamfanin da ya yi sakaci da sabunta takardunsa zai iya amayar da miliyoyi a ƙarƙashin dokar Kalifoniya. Mutumin da ya zo da motar ɗaukar kaya daga wata jiha bayan guguwa, ya karɓi kuɗi a hannu ya cika wandonsa da iska, ba a ma san inda za a kai masa sammaci ba.

Wannan kuwa shi ne ainihin dalilin da ya sa aka ƙirƙiro asusun tun farko: samun hukunci abu ne dabam, karɓar kuɗi kuma dabam. Mai gidan da aka bar wa kotu kaɗai, an bar masa abin da jihar da kanta ta amince ba ya wadatarwa.

Hasarar tana iya zarce kuɗin da aka biya. A dokar ƙwadago ta Kalifoniya, wanda ke yin aikin da ke buƙatar lasisi alhali ba shi da shi, ana iya ɗaukarsa ma'aikacin wanda ya ɗauke shi. Idan ya faɗo daga kan rufi, mai gidan zai iya fuskantar ƙarar biyan kuɗin magani da diyya.

Su wa abin ya fi shafa?

Mai hali da ke gina gidan miliyoyin daloli yana da lauya da mai zanen gini da bankin da ba zai saki kuɗi ba sai ya ga takardu. Da wuya irinsa ya faɗa wannan rami.

Waɗanda ke faɗawa su ne masu ƙaramin ƙarfi da farashin mai lasisi ya fi ƙarfinsu, da tsofaffin da ake bi gida-gida ana yi musu daɗin baki, da kuma waɗanda ruwa ke zuba musu a ɗaki bayan guguwa aka ce su jira watanni kafin layi ya zo kansu.

Guguwar Katrina ta 2005 ta nuna yadda abin ke ƙarewa. Shirin gwamnati na taimaka wa mazauna Louisiana su sake gina gidajensu ya raba biliyoyin daloli, kuma mutane da dama sun yi ƙorafin cewa 'yan kwangilar bogi sun gudu da kuɗin. Daga baya jihar ta kai dubban masu gidaje kotu tana neman su mayar da tallafin da ta ce ba su yi aikin da aka bayar dominsa ba, kuma sai a 2023 aka janye ƙararrakin.

Baƙi 'yan ci-rani ma suna cikin sahun gaba, domin a tsakaninsu aiki yakan tafi ne bisa amana da shaidar ɗan'uwa, ba bisa lambar rajista ba. Wannan ya haɗa da 'yan Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawan Nijar da Ghana da Nijeriya da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York da kuma garin Greensboro na Carolina ta Arewa.

A birnin New York, duk aikin gyaran gida da ya wuce dala 200 yana buƙatar lasisin hukumar birnin, kuma asusun da birnin ke da shi na biyan diyya na waɗanda suka ɗauki masu lasisi ne. Ƙwararren kafinta ko birkila da kowa ya yarda da shi a masallacin unguwa, idan ba shi da wannan takarda, wanda ya ba shi aiki ba shi da mafaka a asusun.

Akwai ma wani rukuni da babu wanda ya karya doka a cikinsu. A Arizona ƙananan ayyukan da ba su kai dala 1,000 ba kuma ba sa buƙatar takardar izini, ana iya yin su ba lasisi. Kalifoniya ma ta ɗaga irin wannan iyaka daga dala 500 zuwa 1,000 a farkon 2025, Carolina ta Arewa kuma ta mayar da tata daga dala dubu 30 zuwa dubu 40 a 2023 dangane da manyan 'yan kwangila.

Duk lokacin da aka ɗaga irin wannan iyaka, ana sauƙaƙa wa masu ƙaramar sana'a samun abinci, ana kuma ƙara yawan ayyukan da ke gudana a wajen tsarin lasisi da kariyar da ke tattare da shi.

Muhawarar ta haɗu da wata da ta fi ta girma a siyasar Amurka. Wani rahoto da fadar White House ta fitar a 2015, zamanin shugaba Barack Obama, ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan ƙasar suna buƙatar lasisi kafin su yi sana'arsu, alhali a shekarun 1950 ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

Masu sukar tsarin daga jam'iyyun biyu suna ganin yawan sharuɗɗa yana tsadar da aiki, yana kuma hana matalauta da baƙi shiga sana'a. Idan haka ne, to tsarin da ke tura mai ƙaramin ƙarfi wajen maras lasisi shi ne kuma ke hana shi diyya idan ta ɓaci.

Ƙungiyoyin magina da hukumomin ba da lasisi kuwa suna nuna cewa wayar lantarki da aka ja ba daidai ba ko rufin da ba a ɗaure da kyau ba yana iya kashe mutane, saboda haka aikin gini ba sana'ar da za a sake wa kowa ba ce.

Jihar Texas ta ɗauki wata hanyar dabam baki ɗaya. Tana bai wa masu aikin lantarki da na famfo lasisi, amma ba ta da lasisin jiha ga ɗan kwangilar da ke gina gida. Hukumar da ta kafa a 2003 domin yi wa maginan gidaje rajista da sauraron ƙorafe-ƙorafe ta sha suka cewa ta fi kare magina a kan masu gidaje, kuma a 2009 majalisar jihar ta ƙi sabunta wa'adinta.

Mai gidan da magini ya gudu da kuɗinsa a Houston ko Dallas ba shi da lasisin jiha da za a ce ya yi sakacin dubawa, ba shi kuma da asusun maginan da zai nema. Abin da ya rage masa shi ne lauya, da ofishin mai gabatar da ƙara.